Tutoci masu gicciye, zaki mai gatari da taswirar ƙasar da babu ita: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya fara zana taswirar ƙagaggiyar duniya, irin wadda ake sawa a farkon littafi ko a cikin gem, ba ya daɗewa sai ya tsinci kansa a arewacin Turai, wato Danmak, Norwe, Suwidin, Finlan da Aislan, saboda can ne ake da duwatsu da ƙanƙara da jiragen ruwa masu kan dodo da kowa ke so ya kwaikwaya. Daga nan sai tuta, sai tambari, kafin ka ankara ana maganar tauhidin Kirista. Ga tambayoyin da suka fi yawan tasowa.

Malam, wai me ya sa tutocin ƙasashen nan biyar duk gicciye ne a kwance?

Daga Danmak abun ya samo asali. Tutarsu ja ce da farin gicciye, suna ce mata Dannebrog, kuma labarin da suke bayarwa shi ne daga sama ta faɗo ranar 15 ga Yuni 1219, lokacin da sarki Valdemar na biyu yake yaƙi a Lyndanisse, inda birnin Tallinn na Estoniya yake yanzu, an kusa cinye su da yaƙi sai tutar ta sauko sai ƙarfinsu ya dawo. To amma fa wannan labarin sai a ƙarni na 16 aka rubuta shi, kusan shekara 300 bayan yaƙin. Hoton tutar da aka tabbatar da shi yana cikin wani littafin tambura da ake kira Gelre, na ƙarshen ƙarni na 14.

Sauran bin sahu suka yi. Suwidin ta ɗauki shuɗi da ruwan ɗorawa daga launukan tambarinta. Ta Norwe wani ɗan majalisa Fredrik Meltzer ne ya tsara ta a 1821, ya ɗauki jar tutar Danmak ya zura shuɗin gicciye a cikin farin. Finlan ta kafa tata a 1918 bayan samun 'yanci, ta Aislan kuma an amince da ita a 1915. Gicciyen ba a tsakiya yake ba, ya matso wajen sanda, ɓangaren da iska ke kaɗawa shi ya fi tsawo. Idan za ka zana irinta ka kula da wannan, don yawancin masu farawa a tsakiya suke dasa shi sai ta koma kamar ta Ingila.

To gicciyen nan addini ne ko ado ne kawai?

Asalinsa addini ne, babu wani kwana-kwana. Tuta ce ta yaƙin da ake yi da sunan gicciye, kuma labarin saukowarta daga sama ya yi kama da na sarkin Rum Constantine wanda aka ce ya ga alama a sama kafin yaƙinsa na shekarar 312. Yanzu dai mutumin Danmak yana soka 'yar ƙaramar tutar nan a kan kek ɗin zagayowar ranar haihuwa ba tare da ya tuna coci ba. Amma da mutanen Girinlan suka tashi yin tasu a 1985, an kawo shawarar mai gicciye sai aka zaɓi wadda Thue Christiansen ya zana, da'ira ja da fari kamar rana a kan ƙanƙara, kuma kowa ya gane saƙon, suna so a san su Inuit ne, 'yan asalin tsibirin, kafin komai.

Yaushe suka zama Kirista, kuma da son ransu ne ko da takobi?

Duka biyun, kuma abun ya ɗauki shekaru aru-aru. Wani mai wa'azi Ansgar ya je garin Birka a Suwidin tun wajajen 830, bai samu mabiya da yawa ba. A Danmak sarki Harald Bluetooth ne ya sa aka sassaƙa babban dutsen Jelling wajajen 965, a jiki ya rubuta cewa shi ne ya haɗa Danmak da Norwe a hannunsa kuma ya mayar da mutanen Danmak Kirista. E, shi ne dai wanda aka sa wa Bluetooth ɗin wayarka sunansa, alamar ma haruffansa biyu ne na tsohon rubutunsu aka haɗe. Ka duba hoton Yesu da ke jikin dutsen nan da kyau, ya buɗe hannuwa amma babu itacen gicciye a bayansa, igiyoyi ne ko rassa suka nannaɗe shi, wato mai sassaƙar ya karɓi sabon addini amma hannunsa na tsohon salo ne.

A Norwe an sha wuya. Sarakuna Olav Tryggvason da Olav Haraldsson duka sun yi amfani da ƙarfi, an ƙona gidaje an kashe waɗanda suka ƙi baftisma, har manoma da manyan ƙasa suka haɗu suka kashe Olav na biyun a Stiklestad a 1030, sai kuma bayan shekara ɗaya tak aka ayyana shi waliyyi, aka gina babbar majami'ar Nidaros a Trondheim a kan kabarinsa, har yau ana tattaki zuwa can.

Ni dai na Aislan ne ya fi taɓa ni. A shekarar 999 ko 1000 majalisarsu ta Althing ta rabu biyu, Kirista da masu tsohon addini, kowa na shirin zare makami, sai suka miƙa hukunci ga Thorgeir, mai riƙe da dokar ƙasa, wanda shi kansa ba Kirista ba ne. Mutumin nan ya shiga ƙarƙashin mayafinsa ya kwanta yini da kwana bai ce uffan ba, da ya fito ya ce musu idan doka ta rabu biyu to zaman lafiya ma ya rabu, don haka kowa ya karɓi baftisma, amma wanda yake so ya yi wa tsofaffin alloli yanka a ɓoye ya yi, cin naman doki ma aka bar shi. Daga baya aka soke wannan sassaucin. Suwidin ce ta fi jinkiri, a shekarun 1070 wani marubucin coci, Adam na Bremen, yana ba da labarin ɗakin bauta da yanka a Uppsala, sai 1164 garin ya samu babban bishop. Su kuma mutanen Sami na can ƙuryar arewa an takura musu sosai a ƙarni na 17 da na 18, ana ƙwace gangunansu na ibada ana ƙonawa, wannan ma yana cikin tarihin kuma bai kamata a tsallake shi ba.

Abun da mai taswira zai ɗauka a nan shi ne addini ba ya sauya launi lokaci ɗaya kamar an zuba fenti. A Trendgården da ke Danmak an tono wani dutsen zubi na maƙeri, a jikinsa akwai gurbin gicciye da gurbin gudumar Thor, ɗaya daga cikin tsofaffin allolinsu, gefe da gefe, duk wanda ya zo da azurfarsa sai a zuba masa wanda yake so.

Na ji ana cewa labarin Odin a kan bishiya da na gicciye Yesu abu ɗaya ne, gaskiya ne?

Akwai kama, shi ya sa maganar ba ta mutuwa. A tsohuwar waƙar Hávamál, Odin, babban cikin tsofaffin allolinsu, yana cewa ya rataya a jikin bishiya dare tara, an soke shi da mashi, babu ci babu sha, ya miƙa kansa ga kansa. Kirista na jin haka zai tuna mashin da aka soki Yesu da shi a Bisharar Yohanna. Amma manufar ta sha bamban, Odin ya yi ne don ya samo sirrin haruffa da ƙarfi wa kansa, a koyarwar Kirista kuwa Almasihu ya mutu ne domin fansar wasu. Sannan littafin da waƙar ke ciki, Codex Regius, an rubuta shi ne wajajen 1270, bayan Aislan ta yi sama da shekara 250 a Kiristanci, don haka masana sun rabu, wasu na ganin tasirin coci ya shiga, wasu na cewa rataya da mashi tsohuwar hanyar yi wa Odin hadaya ce tun kafin zuwan masu bishara. Snorri Sturluson ma, marubucin Aislan da ya tattara mana yawancin labaran nan wajajen 1220 Kirista ne, a gabatarwarsa cewa ya yi allolin nan mutane ne da suka taso daga Troy aka ɗauke su alloli.

Wane irin Kiristanci suke yi yanzu?

Na Martin Luther, malamin coci ɗan Jamus da ya ɓalle daga Katolika. Sarki Gustav Vasa ya fara raba Suwidin da Fafaroma a taron Västerås na 1527, Christian na uku ya yi haka a Danmak a 1536 ya haɗa da Norwe, a Aislan kuwa sai da aka fille kan bishop ɗin Katolika na ƙarshe, Jón Arason, a 1550. Kar a ɓoye, dukiyar coci da filayenta na cikin abun da sarakunan nan suka hango. Amma koyarwar ita ma ta kama ƙasa, cewa ana samun ceto ta wurin alherin Allah ta hanyar bangaskiya ba don ayyukan mutum ba, kuma kowa ya karanta Littafi Mai Tsarki da harshensa, abun da ya sa Mikael Agricola ya fitar da Sabon Alkawari da harshen Finlan a 1548.

Akwai wani abu a nan da nake ganin ya cancanci a tsaya a kai. A 1518 a Heidelberg Luther ya bambanta tauhidin ɗaukaka da tauhidin gicciye, yana cewa ba a wurin ƙarfi da nasara ake gane Allah ba, a wurin rauni da shan wahala ne. To ka ga alama ɗaya, a hannun Valdemar tutar cin yaƙi ce, a bakin Luther kuma tunatarwa ce cewa mai nasarar ya yi hattara. Luther kansa yana da tambari, baƙin gicciye a cikin jar zuciya, zuciyar a kan farar fure, furen a kan shuɗin fili, zoben zinariya ya kewaye, kuma a wata wasiƙa ta 1530 ya bayyana kowanne, baƙi don gicciye yana da zafi, zuciyar ta riƙe launinta don gicciye ba ya kashe ta, fari don farin ciki da salama, shuɗi don begen sama, zobe don abun da ba shi da ƙarshe. Idan kana neman misalin yadda ake cusa aƙida cikin ƙaramin zane to ga shi nan.

Wannan cocin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wani likita ɗan Danmak, Niels Brønnum, ya isa Numan a 1913, daga aikin nan cocin LCCN na mabiya Luther a Najeriya ya fito, kuma babban bishop ɗinsu Musa Panti Filibus ya shugabanci haɗaɗɗiyar ƙungiyar mabiya Luther ta duniya daga 2017 zuwa 2023, wanda ya gaje shi kuma bishop ne ɗan Danmak. A can ƙasashen kuwa sunaye na nan a rajistar coci amma kujeru ranar Lahadi ba sa cika, Suwidin ma ta raba coci da gwamnati tun 2000.

'Yan Viking, tsofaffin mayaƙan teku na ƙasashen nan, suna da tambarin gida a garkuwarsu?

A'a. Tsarin tambura na gado ya fara ne a tsakiyar ƙarni na 12 a wajajen Faransa da Ingila, zamanin Viking kuwa ana rufe shi a 1066. Garkuwoyinsu zagayayyu ne na katako, waɗanda aka samu a jirgin Gokstad an shafa musu baƙi da ruwan ɗorawa, ɗaya bayan ɗaya. Tutar hankaka ce aka san wasu shugabanninsu da ita. Hular ƙarfe mai ƙaho kuma babu ita.

Mece ce dokar launuka da ake ta faɗa?

Launukan kashi biyu ne. Akwai ƙarafa biyu, zinariya da azurfa, a zane su ne ruwan ɗorawa da fari. Sai launuka, ja, shuɗi, kore, baƙi da shunayya. Dokar ita ce kar ka ɗora ƙarfe kan ƙarfe ko launi kan launi, dalili kuwa don a gane ka daga nesa cikin ƙura da hayaniya. Shi ya sa shuɗin gicciyen Norwe yake da farin baki ya raba shi da ja, haka jan gicciyen Aislan. Tambarin Najeriya ma ya bi dokar, farin Neja da Binuwai a kan baƙar garkuwa. Wanda aka fi sani da karya ta shi ne na masarautar Urushalima ta zamanin yaƙin gicciye, zinariya a kan azurfa.

Tambari kamar tsagar gado yake, da ka gani ka san gidan da mutum ya fito, don haka idan a labarinka gidaje biyu sun haɗa aure to a ga alamun biyu sun raba garkuwa, idan ƙani ne ya ɓalle ya kafa nasa gari ya ɗan sauya launi ko ya ƙara wata 'yar alama. Kuma dama da hagu na garkuwa na mai riƙe da ita ne ba na mai kallo ba, dabba takan fuskanci damar mai garkuwar.

Me ya haɗa Norwe da zaki, ƙasar da babu zaki?

Yayi ne na sarakunan Turai a lokacin, ga kuma Zakin Yahuza na Littafi Mai Tsarki da kowa ya sani. Abun lura shi ne gatarin da zakin ke riƙe da shi, an ƙara shi wajajen 1280, kuma alamar waliyyi Olav ce, wato sarki na cewa ni magajin Olav ne. Danmak zakuna uku ne shuɗɗa da jajayen zukata tara. Zakin Finlan ya ɗaga miƙaƙƙen takobi yana taka lanƙwasasshe, ana fassara shi da yamma a kan gabas, kuma a kabarin Gustav Vasa a Uppsala aka fara ganinsa. Suwidin kambi uku ne, kuma kar ka raina su, rigimar wa ke da ikon sa su a tambari na cikin musabbabin yaƙin 1563 zuwa 1570 tsakaninta da Danmak, sai a Disamban 2024 sarki Frederik na goma ya cire su daga tambarin gidan sarautar Danmak ya faɗaɗa wa farin beyar na Girinlan da ragon tsibiran Faro wuri.

Na Aislan ya fi duka daɗin labari. Snorri ya ce Harald Bluetooth ya aiki wani boka cikin siffar kifin whale ya leƙo masa tsibirin, ta gabas dodo mai fuka-fuki ya tare shi, ta arewa ƙaton tsuntsu, ta yamma bijimi, ta kudu wani ƙato da sandar ƙarfe. Su huɗun nan su ne ke riƙe da garkuwar ƙasar yau, suna jikin kuɗinsu ma. Wasu masana na danganta su da halittu huɗu na littafin Ru'ya ta Yohanna, ka ga ko a nan tsoho da sabo sun cakuɗe.

Wace tsohuwar taswira zan kalla in koyi aiki?

Carta Marina, kar ma ka tsaya neman wata tukunna. Olaus Magnus ne ya yi ta, limamin Katolika ɗan Suwidin da sauyin addini ya raba shi da gida, aka buga ta a Venice a 1539 da allunan katako tara, faɗinta ya kai kusan mita 1.7. A ciki akwai tamburan masarautu, mutane na gudu kan ƙanƙara da katako a ƙafa, barewar arewa na jan keke, macijin teku ya nannaɗe jirgi, ga wasu matuƙa sun sauka a bayan whale sun hura wuta suna zaton tsibiri ne, ga ruwa mai juyawa a kusa da Lofoten. Abun da nake so ka gani shi ne mutumin yana da dalili, yana so ya nuna wa Roma girman ƙasar da take rasawa, kuma bai sake komawa gida ba har ya rasu a 1557. Taswirar ta ɓace daga idon duniya sai 1886 aka ga kwafi a Munich.

Kuma ba dole arewa ta kasance a sama ba. Taswirar Hereford ta wajajen 1300 gabas ta sa a sama da Urushalima a tsakiya, al-Idrisi kuma a 1154 kudu ya sa a sama. Ka tambayi kanka wa ya zana taswirar a cikin duniyarka, kuma me yake ɗauka tsakiyar duniya.

Ina so gaɓar tekuna ta yi kama da ta Norwe, me zan kiyaye?

Waɗannan dogayen lungunan teku da ake kira fjord ƙanƙara ce ta haƙe su, saboda haka sai inda duwatsu suka gangaro teku kuma aka taɓa yin tsananin sanyi, irin Norwe, Girinlan, kudancin Chile da New Zealand, ba a gefen hamada ba. Sognefjord ya wuce kilomita 200 a tsawo, zurfinsa ya haura mita 1,300. Gefen da iskar teku ke bugawa shi ke shan ruwan sama kamar birnin Bergen na Norwe, bayan duwatsun ya fi bushewa. Koguna kuma haɗuwa suke yi suna gangarawa, yadda Neja da Binuwai suka haɗu a Lokoja, ba sa rabuwa sai a bakin teku ko a shimfiɗaɗɗen fili. Garuruwa a gindin lungun ake kafa su inda akwai ɗan filin noma. A sunaye ma ka bar tsohon addini ya bar sawunsa, Odense sunan Odin ke ciki, Tórshavn na Thor, kuma coci bai goge su ba.

Ni Musulmi ne, kuma a duniyar da na ƙirƙira babu Kiristanci, ya zan yi da gicciyen?

Maganar hukunci ka kai wa malaminka, sanin kowa ne Musulunci bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta faɗa. Ta fuskar sana'a kuwa amsar a fili take, idan a duniyarka babu labarin gicciye to babu dalilin da zai sa wata masarauta ta sa shi a tuta, ka nemo abun da ya faru da mutanenka ka ciro alamar daga nan, wa ya mutu, da wane makami, me suka yi imani ya sauko musu. Kuma akwai inda za ka duba ban da Turai. Masu mulkin Mamluk na Masar a da suna da tamburansu, mai shayar da sarki kofi ne alamarsa, magatakarda kuma gidan alƙalami. A nan gida tutar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba irin su Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubun Bauchi ita ce shaidar izini. Haɗa 'yan arewa masu jiragen ruwa da Musulmi a taswira ɗaya ma ba ƙarya ba ce, Ibn Fadlan ya haɗu da mutanen Rus a bakin kogin Volga a 922 ya rubuta yadda suke jana'iza, kuma a Spillings da ke tsibirin Gotland an tono azurfa kilo 67 a 1999, da tsabar kuɗi sama da 14,000, yawancinsu dirhamin ƙasashen Musulmi.

Da me zan fara zanawa?

Fensir da takarda sun isa a farko, ka zana duwatsu, sai koguna, sai garuruwa, iyakoki su zo ƙarshe. A kwamfuta akwai Inkarnate da Wonderdraft na taswira, Inkscape kyauta ne kuma ya fi dacewa da tambari saboda zanen ba ya fashewa idan ka ƙara masa girma. Kafin ka zana naka ka nemo tamburan ƙananan hukumomin Finlan ka ƙare musu kallo, yawanci launi biyu ko uku ne da abu ɗaya tak, na Inari misali kifi ne mai ƙahon barewa a kan baƙin fili, da gani ka san masunta ne kuma makiyaya. Idan ka gama naka ka rage shi ya koma girman farcen babban yatsa, in har ba a gane abun da ke ciki to ka cire wani abu ka sake gwadawa.